Hula Ta Uku

Lyle Hovland ya kai shekara hamsin da takwas a duniya bai taɓa sayen hula da kuɗinsa ba, kuma idan ka zauna kusa da shi minti biyar sai ya gaya maka. Wasu mazan garin Norby da gona suke alfahari, wasu da 'ya'ya, wasu da tsohuwar motar da suka hana ta mutuwa. Shi nasa abin alfaharin ke nan. Kamfanin irin masara ya ba shi hula, kamfanin taki ya ba shi, masu sayar da tarakta sun ba shi, banki ya ba shi, har masu shirya jana'iza sun taɓa ba shi wata baƙa, ya karɓa hannu biyu ya yi godiya. Ɗari biyu da goma sha huɗu ne rataye a garejinsa, kowacce da ƙusarta. Matarsa Darla takan ce ranar da gobara ta tashi ta san abin da zai fara fitarwa, kuma ta san ba ita ba ce.

A cewarsa ba tarin banza yake yi ba, ilimi ne. Yakan juya hula ya duba ɗinkin ciki, ya ja bakinta, sannan ya yanke wa masu ita hukunci. Hula mai kauri, mutanen kirki ne. Mai roba a ƙeya, a yi hattara da su. Wanda bai ba da hula ba sam, wannan ko sunansa ba a kawowa a gidan Lyle. Da wannan ilimin ya zaɓi banki, da shi ya zaɓi mai gyaran rufi, kuma rufin yana yoyo har yau.

Aikinsa awo. Shekara talatin da ɗaya yana zaune a wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya a bakin rumbun ƙungiyar manoma, motocin masara da na waken suya suna hawa sikeli, shi yana karanta lamba yana miƙa takarda. Gonar ubansa ta tafi tun yana saurayi, a shekarun nan da gonakin Iowa suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, sai ya koma auna masarar mutanen da suka saye ta. Bai taɓa cutar kowa ko da ƙwaya ɗaya ba, wannan garin duka ya shaida. Illar kawai, mutumin da aka shaide shi da adalci a kan masara sai ya ɗauka adalcin yana bin sa duk inda ya sa ƙafa.

Sun daɗe ba su samu haihuwa ba. Yana da arba'in Brenna ta zo, kuma daga ita ba a ƙara ba. Tana shekara bakwai, a wajen cin abincin coci, wani ɗan maƙwabta da ya girme ta ya fizge mata fanke, ta kama shi ta ƙugu ta shimfiɗe shi a gaban fasto. Darla ta ji kunya kamar ta nutse. Lyle kuwa washegari ya kai ta wurin masu koyar da kokawa. Shi ma ya yi kokawa a sakandare. A lokacin dai an fi kayar da shi, amma da shekaru suka ja, waɗanda suka kayar da shi suka mutu ko suka ƙaura, sai tarihin ya gyaru.

Tun daga ranar, shekara goma sha ɗaya, bai taɓa rasa wasanta ko ɗaya ba. Layi na uku, kujerar da ke kusa da ƙofa, nan ne wurinsa a kowane zaure. Ranar jana'izar surukarsa ma ya bar mutane suna cin abincin makoki ya sulale, ya ce marigayiyar da kanta da haka za ta so, abin da duk wanda ya san marigayiyar ya san ƙarya ne. Ilimin kokawar da yake ba ta daga layi na uku kalma biyu ne rak: "Tashi, Brenna." Tana ƙasa, haka yake cewa. Tana sama, haka yake cewa. Wani lokaci alƙalin wasa ya riga ya ɗaga hannunta, shi yana nan yana ce mata ta tashi.

Amma a ba shi haƙƙinsa, akwai abu ɗaya da ya sani wanda ko kocinta bai sani ba. Brenna ba mai murmushi ba ce. Idan tana son cin wasa fuskarta a murtuke take, girar sama da ta ƙasa a haɗe. Ranar da ta sallama a zuci kuwa, tun kafin a busa usur, sai ta yi wani ɗan murmushi na ladabi, irin wanda ake yi wa baƙon da ya zo ba a shirya masa ba. Sau uku Lyle ya ga murmushin nan a shekara goma sha ɗaya, kuma sau ukun duka bayanta ya taɓa ƙasa. Bai taɓa gaya wa kowa ba, har Darla.

Da ta shiga ajin ƙarshe sai wasiƙu suka fara zuwa daga ƙananan kwalejojin nan masu jan bulo da ɗalibai dubu da 'yan kai, inda ake ɗanɗana wa yaro komai, tarihi kaɗan, lissafi kaɗan, waƙa kaɗan, ya fito bayan shekara huɗu ya iya gardama a kan kowane abu. Ba sa ba ɗan wasa komai don wasansa. Abin da suke da shi wasiƙa ce da daɗin baki, kuma ba sa rowar su. Lyle ya ɗauki ta farko ya tafi da ita gidan mai, teburin da dattawa ke shan kofi da safe.

"Ku saurara ku ji, da hannunsa ya rubuta," in ji shi. "'Tun da nake aikin nan ban ga zuciya irin taki ba.'"

Gordy Aasen, abokinsa tun firamare, wanda Allah ya halitta musamman don ya ɓata wa Lyle rai, ya laluba aljihu ya zaro wata takarda mai launi iri ɗaya.

"'Tun da nake aikin nan ban ga zuciya irin taka ba,'" ya karanta a hankali. "Jikana aka aiko wa. Kuma ka san yaron nan, ko kaza ba ya iya kayarwa."

"To sai me? Ba zai yiwu mutum ya ga zuciya biyu ba?"

"Zai yiwu mana. Na ji an ce ɗari huɗu ya gani bana."

A ƙarshe aka tace aka bar uku. Tollef, minti arba'in daga ƙofar gidansu. Marden, a Wisconsin, awa huɗu. Ashcombe, can gabashin Ohio, awa goma sha ɗaya idan hanya ta yi kyau. Lyle ya ɗauko wani littafin rubutu da kamfanin taki ya ba shi kyauta, ya ja layuka da rula, ya rubuta abinci, tabarmar kokawa, laburare, malamai, musafahar koci, wurin ajiye mota, hula. Kowane layi maki goma ne, amma na hula ashirin.

"Ni ba ni da zaɓi," ya sanar a kan teburin abinci. "Zaɓi naki ne, 'yata. Ni mai awo ne kawai. Abin da sikeli ya nuna shi zan rubuta."

"Ba ka sa layin nisa ba," in ji Darla.

"Nisa ba ya cikin lissafi. Karatu za ta yi, ba aike ba."

Suka fara da Tollef. Wata ɗaliba ce ta zaga da su, tana tafiya da baya-da-baya tana magana, kamar yadda ake yi a duk kwalejojin nan, don kada ta ba iyaye baya su samu damar tunani. Ta nuna musu tsohuwar bishiya, ta nuna musu kurege, ta nuna musu tambarin da ke ƙasa wanda duk ɗalibin da ya taka ba zai gama karatu ba. Ta ce malami ɗaya ne ga ɗalibai goma sha ɗaya, ta ce nan ba makaranta ba ce, gida ne. A laburare akwai bokiti uku a tsakar ɗaki suna tarar ruwa. Lyle, wanda ya saba da yoyo a gida, ya ce ai wannan alama ce ta wurin da iska ke shiga, ya ba laburaren tara. Kocin ya rungume shi, ya kira shi da sunansa, ya miƙo masa jar hula mai bijimi a goshi, mai kauri, ba roba a ƙeya. Lyle ya juya ta ya duba ɗinkin, sai da idonsa ya kawo ruwa.

A Marden wani ɗalibi ne ya yi tafiyar da baya-da-baya. Ya nuna musu tsohuwar bishiya, da kurege, da tambarin da ba a takawa. Malami ɗaya ga ɗalibai goma sha ɗaya. Nan ma gida ne. Darla ta raɗa wa Brenna cewa tana zargin kuregen ma ɗaya ne, haya suke ɗaukarsa. Kocin ya yi magana awa ɗaya da rabi a kan kansa, sannan ya ba da koriyar hula mai mujiya, da roba a ƙeya. Lyle ya karɓa, don ba a mayar da kyauta, amma ya rubuta abin da ya rubuta.

Ashcombe suka je a ƙarshe, cikin a-kori-kurar Lyle, Brenna a tsakiya. Tun daga Indiana ya fara ƙorafi. Titin ba shi da kyau, kofinsu ruwa ne zalla, masararsu gajeru ne. Da tuddai suka fara fitowa sai ya ce ƙasar da mutum ba ya hango abin da ke zuwa daga nesa ba ƙasar amana ba ce.

Kocin can mace ce, Koci Renner, gajeruwa, kunnenta ɗaya ya murɗe saboda kokawa. Ba ta rungumi kowa ba. Ta kunna hoton wasan Brenna na ƙarshe, ta tsayar a wani wuri.

"Ƙafarki ta hagu a buɗe take," ta ce. "A garinku ba wanda ya lura. Nan duk wadda ta shigo za ta ɗauke ta. Shekarar farko za ki sha kaye fiye da yadda za ki kayar. Idan kin jure, shekara ta uku sai mu yi magana."

Lyle ya jira ta kai ga batun zuciyar da ba ta taɓa gani ba. Ba ta kai ba. Ya jira hula. Da ya ga hira ta ƙare an miƙe, sai ya yi gyaran murya ya ɗan taɓa bakin tasa hular, ko za ta gane.

"Huluna suna kantin makaranta," in ji Koci Renner. "Ginin da ke kallon coci."

"Sayarwa ake yi?"

"Sayarwa ake yi."

Ya buɗe littafi a gabanta ya zana sifili mai girman ƙwai.

Da rana aka bar Brenna ta zauna a aji ɗaya ta gani. Ajin wani tsoho ne mai koyar da ilimin duwatsu, wanda ya shigo da buhu ya zazzage a kan tebur, ya ce kowa ya ɗauki ɗaya ya gaya masa inda ya fito. Lyle da Darla suna jira a kan benci a waje. Da ta fito, yarinyar da a gida sai an ja ta da igiya take haɗa jimla biyu, sai ga ta tana magana tun daga matakala. Wai garinsu Norby a da ƙarƙashin teku yake. Wai duwatsun da ke gefen gonaki ƙanƙara ce ta turo su daga arewa. Fuskarta a murtuke, girar sama da ta ƙasa a haɗe, hannu yana yawo a iska.

"Duwatsu," in ji Lyle. "Kakanki shekara arba'in ya yi yana kwashe su daga gona yana zaginsu. Ke kuma za ki zo nan a gabatar miki da su."

Ya yi dariya, amma bai ɗauke ido daga kanta ba. Ya san fuskar nan. Tsoro ne ya kama shi, tsoron layi na uku ba tare da kowa a kan tabarma ba, da tsoron gidan da zai rage daga shi sai Darla sai yoyo.

Kafin su kama hanya, uwa da 'ya suka tafi duba ɗakin kwanan ɗalibai. Lyle ya ce shi zai shiga kantin nan ya ga ɓarayin da idonsa. Hular tasu shuɗiya ce, da kunkuru a goshi. Minti goma ya yi a ciki. Ya fito da rigar sanyinsa an ja zif har wuya, alhali rana ake yi, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa fashi.

"Kunkuru," ya ce da suka shiga mota. "Ƙungiyar kokawa, kuma dabbar da suka zaɓa ita ce wadda idan ta faɗi rigingine shi ke nan, sai an zo an juya ta. Ku duba hankali."

Sakamako ya fito bayan kwana biyu. Tollef ta tashi da saba'in da shida cikin tamanin, Marden hamsin da biyu, Ashcombe ashirin da tara. Darla ta ɗauki littafin ta sa tabarau.

"Laburare mai bokiti ka ba tara. Na Ashcombe mai hawa huɗu ka ba uku."

"Matakala ta yi yawa. Yarinya 'yar wasa ce, sai a kula da gwiwa."

"Abincin Ashcombe sau biyu ka ƙara, ina kallonka. Ka ba su huɗu."

"Shi ne illar. Mai kokawa da nauyi take aiki. Abinci mai daɗi cuta ne."

"Baban Brenna," in ji Darla, ta cire tabarau. "Shekara talatin ina jin ana yabon sikelinka. Wannan karon ƙafarka na kai. Da ka huta da rula, ka ja layi ɗaya ka rubuta 'kusa da ni', an gama."

"Ni lamba na rubuta."

"To ka rufe lambar taka ka kai gareji."

Bai kai ba. Littafin ya riƙa mantuwa a kan teburin abinci, a buɗe, daidai wurin da Brenna ke zama. Idan Darla ta ɗauke, washegari sai ya sake mantuwa a wurin. Lyle bai taɓa ce wa 'yarsa kada ta tafi ba, wannan zai iya rantsewa a kai. Sai dai ya kama tarin da ba shi da shi a da, ya kuma fara ba da labarin wani mutum a garin da ke kusa wanda ya mutu 'yarsa tana nesa. Bayan mako uku, wata safiya tana ɗaure takalmi, Brenna ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Tollef ma ba laifi, Baba." Tarin ya warke a ranar.

Ranar sa hannu ta zo a watan huɗu. Al'ada ce da muka kwaso daga talabijin, inda manyan 'yan ƙwallo ke jera hulunan jami'o'i a gabansu su ɗauki ɗaya duniya na kallo. Mu a Norby duniyar tamu ita ce ajin ƙarshe, da iyaye, da mai ɗaukar hoton jaridar mako, da Gordy Aasen, wanda ke zuwa duk inda aka yanka kek. Takardar da ake sa wa hannu ba ta ɗaure kowa, ko kwalejin ba ta neman a aika mata. Amma hular da yaro ya ɗora a kansa a gaban gari, wannan ta ɗaure shi, don a nan ba a manta abu.

Aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur a tsakiyar zauren wasan makarantarsu Brenna, ƙarfe goma na safe. Lyle ne mai kawo huluna, wa kuma? Ya ajiye ja mai bijimi, ya ajiye koriya mai mujiya.

"Biyu kawai?" in ji shugabar makarantar. "Na ɗauka uku ne."

"Ta ukun sayarwa suke yi," in ji Lyle da ƙarfi, don a ji. Dattawa suka girgiza kai, abin ya ba su takaici su ma.

Ya hau layi na uku, kujerar kusa da ƙofa, da rigar sanyinsa a jiki. Shugabar makaranta ta yi jawabi a kan mafarki da jajircewa, jawabin da ta yi bara. Mai hoto ya durƙusa. Brenna ta zauna ta dubi hulunan biyu, ta ɗago ta dubi layi na uku. Sannan ta miƙa hannu wajen jar, ta yi murmushi.

Zauren ya ce, "Allah sarki." Wata mata a bayan Lyle ta ce ba ta taɓa ganin yarinyar nan cikin farin ciki haka ba. Darla ma ta fara laluben hankici. Mutum ɗaya ne a cikin ɗari biyu ya san abin da yake kallo. Murmushin baƙo ne, na ladabi, karo na huɗu. Kuma wannan karon ba wata 'yar wani gari ba ce ta danne ta, shi ne, da rula da littafin kamfanin taki. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har kunnuwansa suka yi zafi.

"Tashi, Brenna."

Bai yi niyyar faɗa da ƙarfi ba, amma muryar shekara goma sha ɗaya ce, ba ta san wani tsayi ba. Hannunta ya tsaya. Shugabar makaranta ta ɗago. Lyle ya sauko matakala ɗaya-ɗaya, gwiwarsa na ƙara, ya ratsa tsakiyar zauren, ya ja zif ƙasa. Tun watan goma da suka je Ashcombe hular take ƙarƙashin kujerar mota, nannaɗe cikin tsumman goge gilashi, kuma da safiyar nan ya cusa ta a riga bai tsaya ya tambayi kansa dalili ba. Ya ajiye ta tsakanin bijimi da mujiya, shuɗiya, a lanƙwashe, takardar farashi na lilo a gefe.

Brenna ta dubi kunkurun, ta dubi takardar.

"Baba, saya ka yi?"

"Rage murya, Gordy na nan."

"Awa goma sha ɗaya ne fa."

"Goma da rabi, idan ba a tsaya wa uwarki a kowane gidan mai ba."

"Ba za ka ga wasana ba."

"Na ga ƙafarki ta hagu shekara goma sha ɗaya ban san a buɗe take ba. Je ki wurin wadda ta gani."

Murmushin ya gushe. Girar sama da ta ƙasa suka haɗu, ta ɗauki shuɗiyar ta danna a ka, takardar farashi na taɓa mata kunne. A haka mai hoto ya ɗauke ta, a haka ta fito a jarida, fuska a murtuke, uban tsaye a kanta. Mako guda garin yana cewa Lyle Hovland ya tilasta wa yarinya tafiya Ohio, ga shi nan a hoto, kowa ya ga tana murmushi kafin ya sauko. Bai gyara wa kowa ba. Gordy kuwa ba ruwansa da wannan, shi farashin ya karanta, kuma har yau idan Lyle ya shigo gidan mai sai ya miƙe ya ce a ba attajiri wuri.

A watan takwas suka kai ta. Da aka gama shigar da kaya, aka yi tsaye-tsayen da ake yi a bakin mota, Lyle yana duba taya da ba abin da ya same ta. Brenna ta cire masa hular kamfanin taki ta miƙa wa uwarta, ta ɗora masa shuɗiyar.

"Kyauta na ba ka," ta ce. "Yanzu sai ka iya sawa ba tare da an ce ka karya doka ba."

Da ita a kansa ya tuƙa har gida, kuma Darla, wadda ba ta taɓa barin dama ta wuce ta ba, ta bar wannan.

Shekarar farko Brenna ta yi wasa ashirin da biyu, aka kayar da ita a goma sha biyar, kamar yadda Koci Renner ta faɗa. Uku kawai ya samu gani da idonsa. Akwai dutse guda a kan tagar ɗakin awo yanzu, ta aiko masa ta gidan waya, da takarda mai bayanin shekarunsa, lambar da Lyle ya ce ko sikelin rumbu ba zai ɗauka ba. Huluna ɗari biyu da goma sha shida suna nan a kan ƙusoshinsu, Darla na barazanar kai su coci a raba.

Ranakun Asabar na hunturu, idan wasa ya faɗo a lokacin aiki, yakan jingina waya da dutsen ya kalla, hoton na tsayawa yana tafiya. Direbobin da ke kawo masara sun saba. Idan suka hau sikeli suka ji murya daga taga tana cewa a tashi, sun san ba da su ake ba, sai su kashe mota su jira a gama.